Yadda Ake Tsallake Mashigin Tsauni Mai Tsayi a Doguwar Tafiyar Ƙasa

Mu mutanen Kebbi da Zamfara ba baƙin tafiyar ƙasa ba ne. Mun san rana, mun san ƙishirwa, mun san yadda ake yini ana taka sayyada. Abin da jikinmu bai sani ba shi ne sanyin saman tsauni da ƙarancin iskarsa, domin Birnin Kebbi da Argungu da Gusau duk ba su kai mita 500 sama da teku ba. Saboda haka na rubuta wannan bayani ga ƙannena da ke shirin tafiya ta kwanaki da jaka a baya, wadda a tsakiyarta akwai mashigi, wato wurin da doron tsauni ya ɗan lotsa tsakanin ƙololuwa biyu, inda hanya take hawa ta haye zuwa kwarin da ke ɗaya gefen. Zan riƙa ba da misali da mashigin Bwahit na tsaunukan Simiyan a ƙasar Habasha, mai tsayin kusan mita 4,200, da Thorong La na ƙasar Nefal, mai mita 5,416. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, kuma shi nake so kowa ya fara gwada kansa a kai.

Abu biyu kawai za ka riƙe na ilimin abin. Na farko, duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Na biyu, iska tana ƙara sirancewa: a wajen mita 5,500, abin da kowane numfashi ke kai wa huhunka kusan rabin na bakin teku ne. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Takalmi shi ne farko. Ka nemi mai kama idon sawu, mai ƙasa mai gurza-gurza, wanda idan ka sa safa biyu yatsunka ba sa taɓa gabansa. Na gwanjo mai kyau ya fi sabo mai araha. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sannan ka yi makonni kana yawo da shi kafin tafiya. Safa ta ulu ko ta roba, aƙalla ƙafa uku, ɗaya a ajiye ta a leda don barci kaɗai.

Jakar goyo mai bel na ƙugu, mai cin lita 50 zuwa 60. Bel ɗin ne ke ɗauke nauyi daga kafaɗa. Idan ka cika ta, kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Ka shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikinta kafin ka zuba kaya.

Tufafi hawa uku. Na jikin fata kada ya zama auduga ko kaɗan. Singileti da shadda da wandon jins suna shan zufa su riƙe, idan iska ta buga sai su zame maka ƙanƙara. Idan ba ka sami rigar da aka yi don wannan aiki ba, rigar ƙwallo mai dogon hannu ta wadatar, domin tana bushewa da wuri. A kanta suwaita mai kauri, a kan suwaita jaket mai tare iska da ruwa. Sai wata babbar jaket ta ɗumi don masauki. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, rawani ko mayafi na rufe wuya da baki, malafa ko hula mai baki don rana, da baƙin tabarau, musamman inda akwai dusar ƙanƙara, domin haskenta yana ƙona ido.

Jakar barci, wato bargo mai kama da buhu da ake shiga ciki a kwanta, mai zif, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana jure sanyin da ya kai sifili ko ƙasa da haka, da ɗan soson shimfiɗa. Tabarma ba ta hana sanyin ƙasa shiga ƙashi. Tanti, in hanyar ba ta da ɗakunan kwana.

Sanda. Idan ba ka da irin ta ƙarfe mai zugewa, sandar makiyaya mai kaiwa ƙirji tana aiki sosai, a gangara ma har ta fi wasu na kanti.

Tocila mai ɗaurawa a goshi da batir na canji, usur, ashana a cikin leda, wuƙa ƙarama, kamfas, taswirar takarda, da taswirar da ka sauke a waya tun kana inda akwai intanet. Gorar ruwa biyu da maganin tsarkake ruwa. Filasta, bandeji, man shafawa mai kauri don leɓe da hanci, farasitamol, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti.

Guzuri kuwa, Allah ya hore mana. Dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dakuwa, aya, garin rogo da sukari da madarar gari, zuma, kayan shayi da citta. Kilishi da dambun nama suna da kyau a tafiyar cikin gida, amma ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da nama, don haka ka bincika kafin ka ɗaura. Kada ka ɗauki wake ko wani abu mai daɗewa a wuta: a mita 3,000 ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 90, sai ka ƙarar da makamashi waken bai nuna ba. Taliya da shinkafa da garin kunu sun fi.

MATAKI NA 1: KA JE ASIBITI KAFIN KA SAYI TIKITI

Wannan matakin nake roƙon kowa kada ya tsallake, domin ya shafe mu fiye da yawancin masu hawan tsauni na duniya. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar sikila a jininsa, irin da ake kira AS a gwajin da ake yi kafin aure. Mai AS yana iya rayuwarsa duka lafiya lau a Gusau, amma idan iska ta yi ƙaranci, ga gajiya ga ƙishirwa, jinin yana iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu. Wanda ya ji haka a saman tsauni ya sauka nan take ya nemi asibiti, kuma ya faɗa wa likita cewa shi mai AS ne, domin likitan wata ƙasa ba lallai ne tunaninsa ya je can da wuri ba. Mai SS ko SC ya haƙura da wannan tafiya gaba ɗaya. Mai AS ya zauna da likita tukuna, su yi magana a kan tsayin da zai je.

Haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma, da mace mai juna biyu. Ka tambayi likitan a kan maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox. Yana taimaka wa jiki ya saba da tsayi, yana kuma sa yawan fitsari da jin kamar ana tsira allura a yatsu. Shi zai ce ko ya dace da kai, shi zai faɗi adadin.

MATAKI NA 2: HORAR DA ƘAFA A GIDA

Wata biyu zuwa uku kafin tafiya, ka fara goya jakar da rabin nauyinta kana tafiya bayan asuba, kana ƙara nisa da nauyi kowane mako. Tafiyar fili ita kaɗai ba ta isa ba, sai da hawa da sauka. Dutsen Kwatarkwashi da tuddan ƙasar Zuru wuraren horo ne masu kyau, amma kowa ya san halin tsaron da yankinmu yake ciki. Kada ka nufi wani dutse ko daji sai ka tambayi mai gari da mutanen wurin, kuma in sun ce a'a, to a'a ce. Matattakalar bene mai hawa uku ko ta filin wasa ta ishe ka: hawa da sauka na minti 40 da jaka a baya, sau uku a mako. Ka ba sauka muhimmanci, ita ce ke kashe gwiwa.

Sai dai ka sani, ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon tsayi. Sau da yawa ƙarfafan samari ne ke fara kwantawa, saboda su ne ke iya hawa da sauri fiye da yadda jininsu zai saba.

MATAKI NA 3: LOKACI, IZINI DA ƊAN JAGORA

A tsaunukan Taraba rani ne lokacin, daga Disamba zuwa Maris. Ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yana Serti, can ake neman izini da jagora. A Simiyan ana guje wa damina ta Yuni zuwa Satumba, ana karɓar izini a garin Debark, kuma dole ne a haɗa ka da mai rakiya na gandun dajin. A Nefal an fi tafiya a Oktoba da Nuwamba, sai Maris da Afrilu. Ko ina ne, ka binciki labarin tsaron wurin na wannan watan. Kada ka sa tafiyar cikin azumi.

Ɗan jagora na wurin ya fi kowace taswira, kuma idan akwai alfadarai na haya, ba abin kunya ba ne ka ɗora musu tanti da abinci. Ka bar wa wani a gida takarda mai sunan hanya, masaukai, da ranar da ya kamata ya ji muryarka.

MATAKI NA 4: KWANAKIN KUSANTAR MASHIGI

A nan aikin yake. Daga mita 2,500 ciwon tsayi ke iya farawa. Da zarar ka wuce mita 3,000, kada wurin barcinka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu ka yi kwana biyu a wuri ɗaya. Da rana kana iya hawa sama da haka ka dawo ƙasa ka kwana. Hakan ma yana taimakawa. Shi ya sa masu nufin Thorong La suke yada zango na yini guda a ƙauyen Manang, wajen mita 3,500, masu nufin Bwahit kuma suke bi ta masaukan Sankaber da Gich kafin su kwana a masaukin Chennek, wajen mita 3,600. Mai mota zai iya kai ka Chennek a yini ɗaya. Kada ka yarda, ko da kuɗin kwanakin ne kake jin nauyinsu.

Ka sha ruwa lita uku zuwa huɗu a yini ko ba ka jin ƙishirwa, domin sanyi yana ɓoye ta. Fitsari mai haske shi ne ma'auninka. Ruwan ƙorama, komai garai-garai ɗinsa, akwai dabbobi a samansa. Ka bar shi ya yi minti uku yana tafasa, ko ka sa magani ka jira rabin sa'a.

Yanzu ka saurare ni da kyau a kan ciwon kai. Mu da mun ji ciwon kai da kasala da tashin zuciya, sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu haɗiyi magani mu ci gaba. A saman tsauni ka ɗauka ciwon tsayi ne har sai an tabbatar da wani abu daban. Dokarsa ɗaya: mai waɗannan alamomi ba ya ƙara hawa. Ya tsaya, ya sha ruwa da farasitamol, ya huta. In ya warware, a ci gaba. In ya kwana bai warware ba ko abin ya ƙaru, a sauka mita 300 zuwa 1,000. In kuma akwai zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, to cizon sauron da ka taho da shi daga gida yana iya tashi, shi ma sauka da gwaji yake buƙata.

Akwai alamu biyu da ba a jiran gari ya waye a kansu. Ɗaya, mutum yana haki alhali yana zaune, yana tari, ƙirjinsa na ƙara, wani lokaci kakinsa da kumfa mai ja-ja: ruwa ne ke taruwa a huhu. Ɗaya kuma, mutum yana tangaɗi, yana sambatu, ko barci ya danne shi ba ya son tashi: ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ja layi a ƙasa da sanda, ka ce ya bi shi yana ɗora diddigen ƙafa ɗaya a bakin yatsun ɗayar. In ya kasa, a sauko da shi a daren, da mutum biyu a gefensa. Zai ce lafiyarsa ƙalau, zai yi rantsuwa, zai ce kada a ɓata wa jama'a tafiya saboda shi. Kara da kawaici ba su da wuri a nan. Kada kuma a ba shi maganin barci ko tiramadol ko maganin tari mai kodin, domin suna rage numfashi.

MATAKI NA 5: DAREN JAJIBIRI

Ku zauna da jagora ku yi lissafi. Ƙa'idar da aka saba ita ce sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Da kaya a baya, a sama da mita 4,000, ka ƙara rabin abin da ka samu. Sannan ku yanke lokacin juyawa: in ƙarfe kaza ya yi ba mu kai mashigi ba, za mu koma. Ku faɗe shi a bainar kowa tun da dare, domin gobe idan ana hango mashigin ba wanda zai so ya ji maganar.

Ka haɗa jaka tun kafin barci, rigar ruwa da safar hannu da dabino a sama. Ka ci abinci ko ba ka jin daɗin baki. Waya da batir da gorar ruwa su kwana tare da kai a cikin jakar barci. In ka bar gora a waje za ka tashi ka tarar bakinta ya daskare, batir kuma ya zube. Barcin tsayi yana zuwa a yanke-yanke, har mutum ya farka firgigit kamar numfashinsa ya tsaya. In da ka farka ka ja numfashi biyu uku ya daidaita, ba abin tsoro ba ne.

Batun salla, ka tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salloli da taimama kafin ka bar gida, domin akwai asubar da ruwa zai iya cutar da kai. In ka yi alwala, ka tsane ƙafa sarai kafin ka mayar da safa. Ka kuma duba kamfas: mu mun saba fuskantar gabas, amma a Simiyan alƙibla tana wajen arewa, a Nefal kuma wajen yamma.

MATAKI NA 6: HAWA

Sammako. Iska da hadari da hazo sun fi tasowa a mashigi bayan rana ta take, don haka burinka ka haye kafin azahar, in so samu ne da hantsi. A Thorong La mutane suna tashi tun ƙarfe huɗu na asuba da tocila. Ka fita kana ɗan jin sanyi. In ka fita cikin ɗumi, bayan minti goma za ka jiƙe da zufa, zufar nan kuwa ita ce abokiyar gabarka a sama. Ka rage riga kafin ka yi zufa, ka ƙara da zarar ka tsaya.

Tafiyar kanta a hankali ake yin ta, har ka ji kamar wasa kake. Taku gajere, tafin ƙafa duka a ƙasa. Inda hawan ya miƙe, ka ɗaga ƙafa ɗaya ka ajiye, ka miƙe gwiwar ta baya nauyinka ya zauna a kan ƙashi na ɗan daƙiƙa, ka ja numfashi, sannan ka ɗaga ta. In ba za ka iya yin magana da na kusa da kai ba sai da yankewa, ka yi sauri da yawa. Kowace sa'a a tsaya minti biyar zuwa goma, a bayan dutse inda iska ba ta bugu, a ci dabino uku a kurɓi ruwa. Dogon zama yana sandarar da jiki. Mafi rauni a cikinku ya bi bayan jagora, kuma kada na gaba ya ɓace wa na baya.

Za ka ga wani tudu ka ce shi ne ƙarshe, ka hau ka tarar da wani a bayansa. Haka mashigai suke, kada ranka ya ɓaci. In hazo ya rufe har ba ka ganin tarin duwatsun da ake jerawa alamar hanya, ku tsaya wuri ɗaya ku duba taswira. In ka ga walƙiya ka ƙirga: kowane daƙiƙa uku kafin ƙarar tsawa kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ku bar doron tsauni ku gangara, ku nisanci itace tilo, ku ajiye sandunan ƙarfe gefe. A watan Oktoba na 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da matafiya a Thorong La da kewayensa, fiye da mutum 40 suka rasu, a tsakiyar lokacin da ake ganin ya fi kowane kyau. Idan sama ta canja ko lokacin juyawa ya yi, a juya.

Ka sa ido kan wanda ya yi shiru, yana makyarkyata, yatsunsa sun kasa jan zif. Sanyi ne ya fara cin ƙarfinsa. A cire masa jiƙaƙƙiyar riga, a sa busasshiya, a ba shi shayi mai sukari, a raba masa kaya.

MATAKI NA 7: A KAN MASHIGI DA GANGARA

Da ka iso, jaket tukuna, kafin hoto. Minti goma sha biyar sun isa: a yi hamdala, a ci wani abu, a ƙirga mutane, a tabbatar da jagora ko kamfas cewa kwarin da za a gangara shi ne daidai. Kuskuren kwari a nan yana iya zama tafiyar yini guda.

Gangara ta fi hawa yawan rauni, domin ƙafa ta gaji, hankali kuma ya riga ya isa masauki. Daga Thorong La zuwa ƙauyen Muktinath ana sauka fiye da mita 1,600 a yini ɗaya. Daga Bwahit kuma ana gangarawa har kogin Mesheha kafin a sake hawa zuwa masaukin Ambiko. Ka tsaya ka ƙara ɗaure igiyar takalmi ta wajen idon sawu, don kada yatsu su riƙa dukan gaba har farce ya mutu. Ka matse bel ɗin jaka. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a gaba, jiki a tsaye, kada ka jingina baya. A kan tsakuwa mai zamewa ka fara dasa diddige, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani. In dutse ya kuɓuce, a yi ihu. Inda dusar ƙanƙara ta daskare a gefen gangare, in ba ku da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa ƙasan takalmi don kama ƙanƙara, ku jira rana ta tausasa ta ko ku nemi wata hanya. Rafin da narkewar ƙanƙara ke ciyarwa ya fi cika da yamma. Ka kwance bel ɗin ƙugu kafin ka shiga, ka fuskanci inda ruwa ke fitowa, kuma in ya wuce gwiwa yana gudu, ku kwana a gefensa ku haye da safe.

Duk inda ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi-zafi, ka zauna nan take ka cire takalmi, ka tsane wurin ka manna filasta tun bai zama bororo ba. A masauki ka canja zuwa busassun kaya, ka ci abinci mai ɗumi, ka sake duba wanda ya yi ciwon kai da safe, sannan ka aika saƙo gida da zarar waya ta kama.